Sawu a Ƙofar Ɗakin Sabar

Mutanen Kusada suna dawowa daga masallacin Juma'a, wasu da darduma a kafaɗa, wasu sun tsaya wajen mai gasa masara, Sada mai gadi ya tarar da ƙofar ƙaramin ɗakin Cibiyar Malam Abdullatif a buɗe. Ba a fasa kwaɗo ba. Baturan sola suna nan, fanka tana juyawa abinta. Abin da babu shi ne baƙin akwatin ƙarfen da ke zaune ƙarƙashin tebur, babbar kwamfutar da Hafsatu mai kula da ita take kira sabar, sauran jama'a kuwa suke ce wa akwatin.

Kafin a kirawo Ma'aruf daga Kankiya, rabin unguwa ya riga ya zo kallo. Ma'aruf malamin dabbobi ne, amma ba don wannan ake nemansa ba. Mahaifinsa mai bin sawu ne, shi ma tun yana ƙarami ya iya karanta ƙasa. Ya bi sawun awaki, ya bi na babura, ya kai mutane har ƙofar gidan ɓarawo, kuma kusan kullum a nan aikin yake mutuwa, domin dattawa kan shiga tsakani su ce a rufa asiri. Shi ya sa yanzu ba ya sauri in an kira shi. Ya kafe babur ɗinsa, ya dubi filin cibiyar, ya ga an tattake shi kamar masussuka.

"Wa ya ce a bar mutane su shigo?" ya tambaya.

Alhaji Amiru, shugaban kwamitin cibiyar, ya gyara babbar rigarsa. "Ai jaje suka zo, Malam Ma'aruf. Ba a korar mai jaje."

"To jajen nasu ya cinye sawun."

Daga cikin taron wani ya ce aikin 'yan ƙwaya ne. Wani ya ce 'yan ƙwaya ba za su bar batir su ɗauki akwatin da ba su san kansa ba. Wata murya daga baya ta ce duk namijin kirki yana masallaci a lokacin, sai a tambayi wanda Juma'a ba ta hau kansa ba. Ba a ambaci suna ba, amma idanu sun karkata wajen Hafsatu, wadda ke tsaye jikin bango ta rungume jakar kwamfutarta.

Ma'aruf ya leƙa ƙarƙashin 'yar rumfar kwanon da ke gefen ƙofar. Akwai buta, akwai wurin da aka zubar da ruwa a kan yashi, ya fara bushewa. Ya ce a ransa mai gadi ne ya yi alwala, ya wuce.

* * *

"Faɗa mini abin da ke ciki, amma da Hausa," Ma'aruf ya ce wa Hafsatu, da suka shiga ɗakin.

Ta zauna bakin tebur. Idanunta sun yi ja. Ta ce makarantun Islamiyya na Kusada da ƙauyukanta ne suka haɗu suka kafa cibiyar, akwatin kuma aiki huɗu yake yi musu: shi ke riƙe da shafinsu na intanet, da imel na malamai, da rumbun bayanan ɗalibai, sunayensu da sakamakonsu, sai kuma ajiyar fayil.

"Ukun farko in sun ɓace zan sake gina su, ko da wahala. Na huɗun ne." Ta dubi gurbin da akwatin ya bari. "Littattafan kakana ne, Malam Abdullatif. Na ɗauki hotonsu shafi-shafi, wasu ina taɓawa suna marmashewa. Da na gama na ce a sayi akwatin ƙarfe a adana su. Aka ce za a duba. Aka mayar da su ɗakin da aka ɗauko su. Bara aka buɗe, gara ta gama da su."

"Kina nufin babu su ko'ina sai cikin wannan akwatin?"

"Babu."

"Kuma ba ki yi kwafi ba?"

"A ina? Kwamfutata ba ta ɗaukar ko rabinsu. Na roƙi kwamiti faifan ajiya na biyu har na gaji da jin muryata."

Daga nan ta ba shi labarin rigimar. Tun da aka kafa akwatin, manhajar wucin gadi ce a kansa, da sharaɗin kwamiti zai zauna ya zaɓi ta dindindin. Damina biyu ke nan ana zama. Ita ta kawo shawara a sa Linux, wadda ba ta neman lasisi, kowane aiki a ba shi manhajarsa, imel kuma a fitar da shi daga Kusada gaba ɗaya, tunda akwatin da wuta ke ɗauke wa ba zai riƙe wasiƙun mutane ba. Bishir, mai shagon kwamfuta a Kankiya, ya kawo tasa: manhajar kamfani guda mai lasisi, komai a dunƙule, in ta lalace akwai wanda za a buga wa waya. Kowace shawara da hujjarta. Amma 'yan kwamiti ba su taɓa karanta ko ɗaya ba. Sukan sha shayi, su yi addu'a, su ɗage.

"Jiya dai suka yanke," in ji ta. "Ta Bishir. Ba don sun gane ta ba, don ya zo da majigi ya haska musu hotuna. Ranar Litinin zai goge akwatin ya sa tasa."

"Ba wanda ya yi maganar littattafan?"

"Ni na yi, har Alhaji ya ce in rage murya. Sai Goggo Halimatussa'adiya, 'yar Malam ɗin, ita ke wakiltar makarantun matan aure. Ta ce, in an goge, ina rubutun zai koma? Alhaji ya ce, Malama, harkar zamani ce, ki bar wa yara."

"Makulli fa?"

Ta nuna saman ƙofa ba tare da ta duba ba. "Cikin gwangwanin can. Ko mai kawo mana kunu ta sani."

Ma'aruf ya dube ta. Ita ce ta fi kowa dalilin ɗauke akwatin, ita ma ta san abin da yake tunani ke nan.

"Ina kike lokacin salla?"

"Gida. Ni kaɗai." Ta ɗaga kafaɗa. "Da na yi tunanin ɗaukewa, wallahi da na ɗauke."

* * *

Yana fitowa wani ɗan acaɓa ya tare shi, ya rantse ya ga Bishir kafin a tafi masallaci, da kwali ɗaure a bayan babur, ya miƙa hanyar Kankiya. Jama'a suka ɗauki maganar da zafi. Hadari kuma ya haɗo daga gabas. Ma'aruf ya tsaya yana duban sama. Zai iya zagaya bayan katanga ya nemi sawun da ya tsira, ko ya bi kwalin kafin a buɗe shi a goge. Ya bi kwalin.

Ruwa ya kama shi a hanya, ruwa kamar da bakin ƙwarya, ya isa Kankiya a jiƙe, ya tarar da shagon a rufe. Sai da safe ya samu Bishir, yana share teburin gilashi da tsumma.

"Ni?" Bishir ya yi dariya har da buga tebur. "Malam Ma'aruf, an ba ni aiki a gaban shaidu, sai in je in sace abin da zan yi aikin a kansa? Ga kwalin can. Firinta ce ta sakatariyarsu, tana cin takarda. Sada da kanshi ya ɗaure mani ita."

Firinta ce kuwa.

"Ranar Litinin, kafin ka goge, za ka kwafe abin da ke ciki?"

Bishir ya ci gaba da shafa gilashin da ya riga ya yi tsabta. "Ba a sa wannan cikin aikina ba."

"Ka san littattafai ne?"

"Na san akwai fayiloli. Ai na ɗauka ita Hafsatu tana da kwafi. Wa ke ajiye abu wuri guda?"

"Ka tambaye ta?"

"Ba ma magana sosai." Ya ajiye tsumman. "Ka ga, manhajata ba ta da laifi. In tata aka zaɓa ma, sai an goge. Ka je ka matsa mata, ita ce ba ta iya shan kaye ba."

Ma'aruf ya fito ya hau babur. Ya yi asarar yamma da safiya a kan firinta, ruwan jiya kuma ya wanke duk abin da ƙasa za ta faɗa masa.

* * *

Filin cibiyar ya zama laka. Sada yana zaune kan benci yana kankare takalminsa da tsinke.

"Kai ka ɗaura wa Bishir firinta?"

"Ni ne. Ai da ka tambaye ni da na hwaɗa maka."

"Mi ya hana ka faɗa jiya da ake ta ihu?"

"Ba a tambaye ni ba, ranka shi daɗe."

Ma'aruf ya zauna kusa da shi, ba shi da ƙarfin yin faɗa. Idonsa ya sake sauka kan butar da ke ƙarƙashin rumfa. "Ka riƙa mayar da buta wurinta in ka gama alwala."

"Ni ban yi alwala nan ba. Can famfon masallaci nike yi, ruwan ya fi sanyi. Butar nan ma bayan ɗaki take zama, ban san wanda ya kawo ta ba."

Ma'aruf ya miƙe a hankali.

Ƙarƙashin rumfar ne kaɗai ruwan sama bai kai ba, kuma wurin ya matse, masu jaje ba su shiga ba. Ya durƙusa. Yashin ya yi ɓawo inda aka zuba ruwa kaɗan-kaɗan, ba watsawa aka yi ba. Gaban wurin ga dugadugai biyu sun nutse, alamar an tsuguna an daɗe. Daga nan ƙafa ta fito ba takalmi, gajera mai faɗi, taku ƙanana, ta nufi ƙofa. Dab da dokin ƙofar, jikin bango, ga shatin silifa biyu an jera su kai ɗaya. Da sawun ya dawo wajen silifan, ya fi nutsewa, kuma yatsun sun baje sun kama ƙasa, irin na wanda ya ɗora kaya a ka.

Ya daɗe a durƙushe. Jiya ya ga wannan wurin da idonsa, ya ba kansa amsa mai sauƙi, ya tafi Kankiya.

Hafsatu ta iso. Ya ce ta shiga ta nuna masa inda wayoyin suke. Ta wuce ciki kai tsaye, takalminta na barin laka a kan siminti.

"Kullum haka kike shiga?"

Ta dubi ƙafarta. "To, ɗakin kwamfuta ne."

"Sada, je ka ce wa Alhaji ya tara 'yan kwamiti bayan azahar. Duka. A kira Bishir ma."

* * *

Suka taru a zauren cibiyar. Alhaji Amiru a kujera mai hannu, malamai a benci, Bishir jikin taga yana latsa waya, Sada a bakin ƙofa. Hafsatu ta ƙi zama. Can gefe, a kan tabarmarta, Malama Halimatussa'adiya tana jan casbi, tsohuwa 'yar ƙarama cikin farin mayafi.

Alhaji ya fara da cewa shi a ganinsa a kafa ƙaramin kwamiti ya duba lamarin.

"Alhaji, a bari in gama tukuna," Ma'aruf ya ce. "Ba Bishir ba ne, na ɓata lokacina a kansa. Ba Sada ba ne, yana masallaci. Dukkanku maza kuna masallaci."

Wani malami ya yi gyaran murya ya dubi Hafsatu.

"Ba ita ba ce. Hafsatu da takalmi take shiga ɗakin nan, a wurinta ƙarfe ne da waya. Wanda ya ɗauki akwatin sai da ya ɗebo ruwa ya yi alwala, a tsanake. Ya tuɓe takalmi a bakin ƙofa. Bai rungumo shi ba, bai ja shi a ƙasa ba, a ka ya ɗora shi. Na bi sawun ɓarayi da yawa, ban taɓa ganin wanda ya yi wa kayan sata alwala ba. Wannan ba kwamfuta ya zo ɗauka ba. Littattafai ya zo ɗauka, masu ayoyi a ciki, kuma ya ɗauke su yadda aka koya masa tun yana yaro."

Casbin tsohuwar ya daina motsi.

"Ba yaro ba," in ji Malama Halimatussa'adiya. "Yarinya."

"Goggo!" Hafsatu ta dafa bango.

"Ni ce. Mi kuke kallo?" Tsohuwar ba ta ɗaga murya ba. "Shekaranjiya na tambaye ku inda rubutun Malam zai koma, Amiru ya ce in bar wa yara. Na bar wa yara na takarda, gara ta cinye. Na leƙa ɗakin na ga inda kuka aje shi, a ƙasa, wurin da kuke miƙe ƙafafu. Sai na jira kuka tahi masallaci."

"Haba Malama," Alhaji ya ce, "ai da kin yi magana."

"Amiru, na yi. Shayi kake sha."

"Goggo, kina ji ana cewa ni ce," Hafsatu ta ce. "Tun jiya ko kasuwa ban iya ratsawa."

"Na ji, ɗiyata. Litinin nike jira ta wuce. Ke kina da ƙuruciya, za ki wanke sunanki. Shi Malam ba ya dawowa ya sake rubutawa."

Alhaji Amiru ya saki ajiyar zuciya, fuskarsa ta washe. Ya ce alhamdu lillahi, ashe abin na cikin gida ne, ba sata ba ce, sai a yi fatiha a rufe maganar.

"A rufe a kan me?" Ma'aruf ya ji kansa yana faɗa, da zafin da ya ɗauka ya daɗe da ƙarewa a jikinsa. "Damina biyu kuna zaɓen manhaja, ba wanda ya tambayi abin da za a ɗora ta a kai. Tsohuwa ta ɗauki ƙarfe a ka cikin rana saboda ku. Yarinya ta kwana da sunan ɓarauniya saboda ku. Ku yi fatiharku. Malama, ina akwatin?"

"Yana ɗakina, can sama. Na naɗe shi da buzu."

Hafsatu ta ɗago kai da sauri. "Ɗakin kwanon nan? Goggo, an yi ruwa jiya."

* * *

Gidan yana ƙarshen gari, ta hanyar Bauranya. Malama ta ɗora akwatin a saman kantar bango mafi tsayi, sama da komai na ɗakin, inda ake ajiye Alƙur'ani, dab da kwano. A daidai nan kuma ƙusa ta yi tsatsa, kwanon yana yoyo. Buzun ya sha ruwa ya yi nauyi. Da Hafsatu ta karkata akwatin, ruwa ya zubo ta bayansa ya jiƙa mata zane.

Ta nemi sukudireba, babu. Bishir, wanda ya biyo su ba a gayyace shi ba, ya zaro nasa daga aljihu ya miƙa mata. Ta ciro faifan ajiyar, ta goge shi da gefen mayafinta, ta sa shi a iska. Bishir ya fita, ya dawo da sabon faifai daga jakar babur ɗinsa, ya ajiye kusa da ita.

"Ki kwafe a nan," ya ce, bai dube ta ba.

Da tsohon faifan ya bushe ta haɗa su duka da kwamfutarta. Faifan ya yi ƙara, ya yi shiru, ya sake juyawa. Sunayen ɗalibai suka fito. Littattafan suka fara wucewa ɗaya bayan ɗaya, na fiƙihu, na nahawu, tafsirin da Malam ya yi wa sharhi a gefe. Ma'aruf yana tsugune a bakin ƙofa, inuwar katanga tana tsawo a tsakar gida. Can sai faifan ya fara wani ƙas-ƙas, kamar ana taɓa ƙwarya da farce. Hafsatu ta cire, ta mayar. Ta sake. Bishir ya karɓa ya kara a kunne, ya girgiza kai.

"Ruwan ne?" Malama ta tambaya.

"Ko ruwan, ko girgizar hanya, ko tsufa. Ban sani ba, Goggo."

Ma'aruf ya san nasa kason laifin. Da jiya ya zagaya bayan katanga, da sun iso kafin hadari.

"Wanne ne bai fito ba?" in ji Malama.

Hafsatu ta duba, ta sake dubawa. "Waƙoƙinsa. Na ajami, waɗanda ya tsara da kansa."

Tsohuwar ta daɗe tana kallon buzun da ke ɗiga a kan igiya. Sannan ta gyara zama, ta tattara mayafinta.

"Ɗauko takarda da biro. Yakan rera mana su muna yara. Ba duka na riƙe ba."

Ma'aruf ya miƙe ya fita zaure. Yana sa takalmi ya ji muryar ta taso, siririya, tana hawa tana sauka, biro na bin ta. Ta yi nisa kaɗan, sai ta tsaya. Ta koma farko, ta sake tahowa, ta tsaya a wuri ɗaya.

Ya riƙe makullin babur a hannu, bai tayar ba, yana jira ya ji ko za ta wuce wurin.